Shekarar da Baƙin Gidanmu Suka Huce

Gidanmu yana ƙarshen unguwa, inda Suleja ta fara hawa tudu. Malam, mijina, ya yi niyyar ɗora bene. An zuba dekin, wato rufin kankare, an yi matakala daga tsakar gida, sai aikin ya tsaya a nan. Rodi suna nan a tsaye har yau. A saman nan nake shanya, nan tankin ruwa yake, nan kuma Malam ya kafa kyamararsa a kan bututun ƙarfe, fuskarta na kallon sama, da murfin gilashi saboda ruwa. Ya ɗan karkatar da ita ta ba Abuja baya, domin da dare hasken Abuja yakan cinye gefe guda na sararin sama.

Malam ya yi aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare har ya yi ritaya. Shi ke jera wa ɗalibai kwalabe da wayoyi, shi ke kwashewa idan sun gama. Ni kuwa sana'ata zoɓo da kunun aya. Yaranmu biyu sun girma sun bar gida, macen tana aure a Minna, namijin yana aiki a Kano. Mu biyu muka rage, sai kyamara.

Abin da kyamarar take jira shi ne abin da muke cewa tauraro ya faɗi. Tun ina yarinya nake jin cewa idan an ga haka, wani babba ne ya rasu. Malam ya ce mini ba taurari ba ne. Tsakuwa ce, wata ba ta fi ƙwayar gero ba, takan shigo iskar duniya da gudu ta ƙone tun tana can sama. A gidanmu baƙi muke ce musu. Ba ma hana kanmu barci dominsu. Kyamara ce ke gadi, mu kuwa sai bayan sallar asuba, idan na kawo koko, Malam ya buɗe kwamfuta a falo mu ga waɗanda suka zo.

"Uwargida, zo ki gaida baƙonki," in ji shi. "Wannan da koren kaya ya zo."

Da farko kyau kawai nake gani. Wani fari tas, wani ruwan ɗorawa, wani ya fara da kore ya ƙare da ja. Wata rana ina miyar kuɓewa sai ga shi ya shigo kicin, abin da ba ya yi. Ya sauke mini tukunya, ya ɗebi gishiri da yatsu biyu ya watsa a wutar gas. Wutar da take shuɗiya ta tashi rawaya.

"Malam, miyata fa."

"Miyarki ba za ta gudu ba. Duba nan."

Ya zaro guntun wayar lantarki daga aljihu, ya riƙe jan ƙarfen cikinta a wutar. Gefen harshen ya koma kore. Daga nan ya ja ni tsakar gida wajen murhun gawayi, ya nuna mini garwashin da ya yi ja yana barci, ya sa maficina ya yi ta fifita har ya yi haske ya kusa fari.

"To kin ga aikin ke nan gaba ɗaya," ya ce. "Launin baƙo abu biyu ne a haɗe. Akwai launin zafi, irin na garwashin nan. Akwai launin abin da ke ƙonewa, irin na gishirinki. Raba su ne wahalar."

Ya ce kyamara ba ta ganin launi yadda muke gani. Kowane ɗigo na hoto tana auna shi kashi uku, ja da kore da shuɗi, kwamfuta kuma ta gwama su. Idan shuɗi ya rinjayi ja, baƙon ya yi zafi ƙwarai, har ya ninka zafin maƙera. Idan rawaya ta yi tsalle fiye da abin da zafin ya kamata ya bayar, akwai sinadarin gishiri a jikinsa. Kore kuma yakan nuna wani ƙarfe marar nauyi. Bai taɓa cika baki a kan abin ba. Yakan ce da launi uku kacal ba a rantsuwa, kintace ne mai hankali.

Na ce masa, "Wato ka ɗora kaya a sama don ka san ko an sa wa tsakuwa gishiri."

"Ai ke ma da ɗanɗano kike sanin miyar wasu."

Miyar ranar ta tsinke, amma mun ci.

Akwai wani abu kuma da yake yi kullum. Ya ce idon kyamara kamar na mutum ne, zafin rana da tsufa suna canza shi, yau ya karkata ja, gobe shuɗi. Don haka ya manna farin tayil guda, irin na daɓen ɗaki, a jikin ƙafar tanki, daidai inda gefen idon kyamarar yake kamawa. Kusa da shi, a bakin dekin, ya rataya ƙwan lantarki, tsohon gulob mai zare a ciki, mai haske ruwan ɗorawa. Gulob ɗin yana haska tayil, ragowar haskensa kuma ya sauko tsakar gida. Da magariba Malam zai hau ya kunna shi, kyamara ta ɗauki hoton tayil, bayan isha'i ya kashe. Wannan hoton shi yake kira gaisuwa. Da shi kwamfuta ke gane yadda idon kyamara ya tashi a ranar, ta gyara launin duk baƙin da za su zo. Na iya kunnawa da kashewa, domin idan ya yi tafiya ni nake yi. Amma a zatona kowane haske ma zai yi. Ban taɓa tambaya ba.

Ba shi kaɗai yake abin ba. Yana da aboki a Garam, malamin kimiyya, Kirista mutumin Filato, wanda kowa ke kira Tica. Shi ma ya kafa irin kyamarar a bayan gidansa, suka saita su biyun suna kallon wuri ɗaya a sama. Idan baƙo ya wuce, kowa ya auna nasa, su gwada. Malam yana ce masa Fasto, shi kuma yana ce wa Malam Liman, alhali babu mai riƙe da coci ko masallaci a cikinsu. Da safe sukan yi waya su yi ta musu a kan baƙo guda har kokon Malam ya huce.

Malam ya rasu a lokacin sanyi, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Kwanakin makoki ina ɗaki tsakanin mata, ban san abin da ake yi a tsakar gida ba. Da jama'a suka watse, yara suka koma, na shiga takaba ni kaɗai, sai 'yan'uwa da maƙwabta masu leƙowa. Magaribar farko da na fito na hau sama na danna makunni, sai na ga gidan ya canza mini. Bango ya yi fari fat, tabarma ta koɗe, hannuna kansa ya yi toka-toka. Na ce a raina haka duniya take komawa. Na ji matan da suka riga ni yin takaba suna faɗin irin wannan, cewa abinci ba ya ɗanɗano, launi ba ya kama ido. Ban ɗaga kai na dubi komai ba. Na sauko na yi salla.

Na ci gaba da abin da ya bari. In kunna da magariba, in kashe bayan isha'i, in goge murfin gilashi da tsumma mai laushi ranar Juma'a. Da safe in dama koko, in buɗe kwamfuta. Malam ya tsara ta yadda take ware hotunan da kanta, ta kuma aika wa Tica lissafin. Ni nawa kallo ne. Mai takaba ba ta fita, amma ni kusan kullum ina da baƙi, kuma ba sa buƙatar in yi musu magana. Mutane suna zuwa da tausayi a fuska, suna tsammanin za su same ni a kwance. Sai su tarar ina ƙulla zoɓo. Gaskiyar magana, safiyoyin nan sun riƙe ni, kuma na sami natsuwa a cikinsu fiye da yadda zan iya gaya wa masu zuwa.

Wan Malam, wanda muke kira Yaya, shi ne babba a gidansu. Yana sayar da kayan gini a kasuwa. Mutum ne mai kirki, marar son tarkace. Ya ce ba za a taɓa komai na gado ba sai na fita takaba. Abin da ke aiki za a sa shi a rabon wanda yake so, abin da ya lalace a fitar da shi. Na riƙe niyyata a raina. Idan ranar ta zo zan roƙa a sa kyamara da kwamfuta a rabona.

Ana cikin zafin bazara Tica ya kira ni. Tun ta'aziyya bai zo ba, saboda ya san mai takaba ba ta zama da maza, sai dai matarsa ta aiko da gaisuwa.

"Madam, yaya haƙuri? Yaya zafi?"

"Da godiya, Tica. Ya mutanen Garam?"

"Lafiya. Madam, akwai ƙaramin wahala. Na daɗe ina so in faɗa, bakina ya yi nauyi. Baƙin Suleja sun yi sanyi."

Ya yi mini bayani da Hausarsa ta Filato. Baƙo ɗaya zai wuce, kyamarori biyu su kama shi. Ta Garam ta ce mai zafi ne kamar yadda aka saba. Tamu ta ce ya huce ƙwarai, kuma kowanne sai ta ce gishiri ya yi masa yawa. Da can lissafinsu yana tafiya kusa da kusa. Yanzu ko hanya ba su haɗa ba.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun satin da Liman ya tafi."

Ba na cikin masu cewa tauraro ya san mutuwar wani, Malam ya cire mini wannan. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

A ganin Tica idon kyamarar ne ya fara mutuwa, kuma irin wannan ba ya gyaruwa. Bayan kwana biyu Yaya ya gamu da shi a kasuwa ya tambaye shi labarin kayan ƙaninsa, shi kuwa ba ya ƙarya, ya faɗa masa. Da yamma Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofar falo.

"Abin nan na sama an ce ya lalace. Asabar ɗin da za ta biyo fitarki zan zo in sauke. Kwamfutar a ba wa jikarku, ta shiga sakandare. Ke ma kin huta da hawa matakala."

"To, Yaya."

Me zan ce? Da tana aiki, ina da bakin roƙo. Amma mace ta tsaya gaban dangin miji tana neman a bar mata abin da ya mutu, za a ce baƙin ciki ya taɓa ta, a fara shawarar wanda zai ɗauke ta. Na san kuma ranar da aka sauke ta, safiyata za ta zama koko kawai.

Na ce tunda kwamfutar za ta tafi, bari in duba abin da ke cikinta. Ba laifin kyamara nake nema ba, ban san ma ta inda ake nemansa ba. Malam nake nema. Ba mai son hoto ba ne, wanda muke da shi a bango tun na ritaya ne. Ina buɗe wurare sai na ga inda ya rubuta gaisuwa. Na shiga. Hotunan tayil ne, na kowace magariba, yadda kyamara ta ɗauke su kafin a gyara komai. Farin tayil, ba wani abu. Har zan fita sai na lura da wani duhu a gefen ɗaya. Inuwar hula ce, da kafaɗa.

Ashe idan ya kunna yakan tsaya ya duba, inuwarsa ta faɗa kan tayil. Na koma baya, na yi ta komawa. Wata rana hular a karkace. Wata rana babu hula, sai kunne. Wata rana inuwa biyu, ɗaya da ɗaurin ɗankwali, na tuna ranar na hau kwashe shanya muka tsaya hira. Zoɓon da na ɗora a wuta ya kusa ƙonewa ina zaune.

Sai na juyo gaba, ina bin kwanakin a jere har inda na san za su ƙare. Inuwarsa ta ƙarshe. Sai tawa ni kaɗai, kwanakin asibiti, idan na dawo a gurguje. Sai kwanakin makoki, babu inuwar kowa, wani ne yake kunnawa ya sauka. A nan na ga abin. Tayil ɗin da tun farko yake da launin man shanu, rana ɗaya ya koma launin ƙanƙara. Daga ranar bai sake komawa ba.

Na ajiye kwamfuta na hau sama da rana tsaka. Na ɗaga kai, karo na farko tun rasuwar. Gulob ɗin da ke rataye fari ne, mai gindin roba, irin na yanzu. Wata huɗu ina kunna shi.

Na kira Tica na faɗa masa. Ya yi ihu har sai da na janye wayar daga kunne.

"Kai! Kai! Madam! Wannan gulob ba gulob ne kawai ba! Ni da Liman mun kai shi makaranta mun auna launinsa. Kwamfuta ta san shi kamar ɗan'uwanta. Yanzu an sa mata fari, ta ga tayil ya yi shuɗi, sai ta ce idon kyamara ne ya karkata. Shi ne take cire shuɗi daga jikin kowane baƙo. Kyamara lafiyarta ƙalau! Ni ne ban zo na duba ba."

"Ai ni ina gidan, Tica, ban duba ba."

"Ina tsohon? In an same shi, mu ɗauki tayil da wannan, mu ɗauka da wancan, mu ga bambanci. Duk na watannin nan za su gyaru, hotunan asali suna nan. In ba a same shi ba, ni ba ni da abin da zan nuna wa Yaya sai baki."

Wadda ta san abin da ya gudana a tsakar gida lokacin makoki ita ce ƙanwar Malam, autarsu. Tana zaune a Gauraka, tana kiwon kaji a bayan gida. Tun ina amarya muke wasa da ita. Na kira ta.

"Uwar kaji, kin san inda tsohon gulob ɗin saman dekin ya shiga?"

"Matar yaya! Takaba ce ta kai ki ƙidayar gulob? Ai ba a fara rabon gadon ba tukuna."

"Ki bar wasa, ina nemansa."

"Yana nan cikin kwalin 'yan tsakina, yana aikin lada. Irin mai zafin nan yanzu sai ki zaga kasuwa ba ki samu ba, duk an koma masu sanyi. Da na ga za a jefar na ce ina, wannan uwa ce."

"Wa zai jefar?"

"Yaya mana. Ranar sadakar uku tsofaffi suna alwala a duhu, har wani ya yi tuntuɓe da buta. Yaya ya ce wane irin haske ne wannan kamar na aci-balbal, ya aika shago aka kawo sabo, shi da kansa ya hau ya canza."

Na zauna a bakin gado. Ashe Yaya ne, kuma don alheri ya yi.

"Yana da rai?" na ce.

"Wa, Yaya?"

"Gulob ɗin, 'yar nema."

"Da ana ba mu wuta a Gauraka yadda ya kamata, da tuni ya ƙone. Rashin wuta ne ya yi masa tsawon rai. Amma ki sani, na zuba sababbin tsaki, ga damina ta kawo kai. In na ba ki, ke za ki zo ki kwanta a kansu?"

Muka daidaita a kan kaskon wutata na ƙasa, wanda ta daɗe tana sa wa ido, har da rabin buhun gawayi. Washegari ta zo a keke mai ƙafa uku, ta fito da bokitin roba, cikinsa tsumma, cikin tsumma safa, cikin safa gulob. Warin kaji ya riga shi fitowa. Ta riƙe shi sama da hannu biyu tana yi masa kirari, ta ga ban yi dariya da sauri ba, sai ta ajiye shi a hankali a cinyata ta zauna kusa da ni. Na goge shi da tsummar gilashin kyamara. Zaren cikinsa yana nan bai tsinke ba.

Saura magana da Yaya. Wannan ta fi neman gulob wuya. Ba zan kira babban wa in ce masa kai ka ɓata aikin ƙaninka ba. Tica ya ce shi zai faɗa, na ce a'a, a bar ni.

Na fita takaba a farkon damina. Na yi wanka, na sa atamfar da Malam ya fi so, 'yan'uwa suka zo aka yi addu'a. Ranar Asabar da la'asar aka yi ruwa mai kyau ya ɗauke, sama ta wanku. Yaya ya zo da sifana a aljihun riga. Tica ma ya iso a babur, wandonsa duk taɓo. Na shimfiɗa musu tabarma a falo, na kawo zoɓo mai sanyi.

"Yaya, kafin a sauke, ina so ka ga ƙaninka."

Na juya masa kwamfutar, na fara daga baya. Ya ɗauko tabarau. Da farko bai gane ba, sai da na nuna masa da yatsa.

"Hularsa ce wannan," ya ce. "Kullum a karkace. Tun muna yara Baba ke masa faɗa a kai."

Na ci gaba da dannawa. Hula, hula, kunne, hula. Ɗankwalina. Sai babu kowa. Sai tayil ya koma fari.

"Tsaya. Koma baya." Na koma. "Me ya sa wannan ja, wannan fari?"

Tica ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Yaya ya matso da fuskarsa ya karanta kwanan watan da ke ƙasan hoton. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire tabarau ya dubi ƙofa, wajen matakala.

"Fitilar nan tana cikin aikin?"

"Tana ciki, Alhaji," in ji Tica. "Da ita kyamara ke sanin fari."

"Ikon Allah. Ashe ni na sa wa baƙin naku sanyin." Ya juyo gare ni. "Kin sani, kika bar ni na zo da sifana?"

"Tsofaffi suna tuntuɓe, Yaya. Ko Malam ne da ya canza musu."

"Da ya canza, ya mayar. Ina tsohon? Na ce a jefar."

Na ɗauko safar na miƙa masa. Ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Wannan aikin auta ne."

Aka kira magariba. Yaya ya tafi masallaci, ni na shiga ɗaki, Tica ya zauna a tsakar gida da gulob a cinya kamar an ba shi riƙon jariri. Da muka idar muka hau sama mu uku. Aka kunna farin, kyamara ta ɗauka. Tica ya miƙa hannu zai kwance shi, Yaya ya ce, "Fasto, matsa. Wanda ya cire shi zai mayar." Ban san ya san sunan ba. Ya taka bulo, ya kwance farin, ya ɗaura tsohon a hankali. Na danna makunni.

Hasken ya sauko tsakar gida, ruwan ɗorawa, marar ƙarfi. Bango ya dawo yadda na san shi. Na dubi hannuna. Na riƙe rodi na ɗan tsaya, su kuma suka yi kamar suna duba tanki.

A falo Tica ya zaɓi wani baƙo da ya wuce a tsakiyar takabata, wanda kyamarori biyu suka kama. Ya yi 'yan danne-danne, ya jera lissafin Garam da namu gefe da gefe. Ya ce gulob ɗin ya ɗan tsufa a wurin kaji, zai sake kai shi a auna, amma ko a haka sun dawo kusa da kusa kamar da. Yaya ba ya karanta irin wannan lissafi, amma ya san lamba biyu idan sun yi kama.

"To me ke cikinsa, shi wannan?"

"Ƙarfe, Alhaji, da ɗan gishiri."

"Gishiri? Daga sama?"

Na ce su biyo ni kicin. Na kunna gas, na ɗebi gishiri da yatsu biyu na watsa. Wutar ta tashi rawaya. Yaya ya ja da baya, ya ce in sake. Na sake.

Da zai tafi ya tsaya a zaure yana neman takalmi. Bai dube ni ba ya ce, "Abin da ke aiki ba a sauke shi. Za a sa a rabonki, da kwamfutar. Jikar taku ni zan nema mata wata." Ya zaro farin gulob daga aljihu ya miƙo mini. "Wannan ki sa a kicin. Na lura can ma duhu ne."

Malam ya sha gaya mini cewa a farkon damina akwai kwanakin da baƙi ke zuwa da yawa gab da asuba, masu gudu ƙwarai. Washegari da na tashi alwala sai na hau sama da butata. Gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi, ladan bai fara ba. Ban daɗe ba ɗaya ya keto daga gabas, dogo, ya bar koren zare a bayansa na ɗan lokaci. Na yi salla, na dama koko, na buɗe kwamfuta, na same shi yana jirana. Kafin in kai kofi baki waya ta yi ƙara.

"Madam, kin gan shi? Nawa ya fi naki zafi kaɗan."

"Naka dai ya cika baki, Tica. Sake aunawa."

Farin gulob yana kicin har yanzu, kuma Yaya ya yi gaskiya, ina ganin tsakuwar shinkafa da kyau. Da magariba nakan hau in kunna tsohon. Na lura ni ma na koyi tsayawa kaɗan kafin in sauko.